Famfon Jarrabawa

Shekara ashirin da biyu Gwaggo Allura ta yi a ƙaramin asibitin unguwa, tana ɗiga wa yara rigakafi, tana yi wa iyayensu faɗa a kan ƙazanta. Sai ga takarda daga sama: duk ma'aikacin da ba shi da satifiket na kiwon lafiyar al'umma kafin ƙarshen shekara, ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Gwaggo ta ji tsoro ƙwarai, domin ban da wannan aikin ba ta iya komai ba, kuma ba ta son iya komai.

Haka ta shiga kwas na wata shida, ta zauna a benci ɗaya da yaran da ita ce ta tsira musu allura tun suna cikin tsumma. Ta haddace abin da aka ce ta haddace, har ta rame. Rubutacciyar jarrabawa ta sha da ƙyar. Saura ta aiki, wadda in ka faɗi ka faɗi duka, kuma ita ce wanke hannu. Da Gwaggo ta ji haka sai da ta yi dariya. Ita za a gwada wa wanke hannu!

Ɗakin gwajin yana da kwanon wanki fari tas, da famfo mai ƙyalli, da hoton matakai goma sha ɗaya manne a bango. Ruwa ne kawai babu, kuma tun da aka gina makarantar bai taɓa zuwa ba. Ɗalibai sukan murɗa famfo, su cuɗa hannu a iska, su yarfe, malami yana ba da maki.

Gwaggo kuwa ta zo da butarta da sabulu a leda. Ta nannaɗe hannun riga, ta wanke tafi da baya, ta bi tsakanin yatsu, ta ƙwaƙule ƙarƙashin farce, kumfa har gwiwar hannu.

Malamin, wani siririn saurayi mai fama da mura, ya leƙa takardarsa, ya leƙa kwanon.

"Mama, mene ne wannan?"

"Wanke hannu, ɗan nan."

"Mataki na ɗaya cewa ya yi a buɗe famfo. Ba ki buɗe ba. Ba a ambaci buta a ko'ina ba. Kuma kin jiƙa mana kwano, wa zai goge?"

"To ai famfon ba ruwa."

"Wannan matsalar sashen gine-gine ce. Ni maki nake bayarwa." Ya ja majina. "Don girmanki zan bari ki sake sau ɗaya. In kin kuskure, sai baɗi."

Baɗi kuwa ba ta da aiki. Maganganu suka taso wa Gwaggo har maƙogwaro, irin waɗanda take sauke wa iyayen yara ba ta ko haɗiye yawu. Ta danne su. Ta goge kwanon da gefen mayafinta, ta tura butar ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Ta murɗa famfo, ya yi ɗan ƙara irin na tsohuwar ƙofa. Ta tara hannu a ƙarƙashinsa, ta matsa kwalbar sabulun da babu komai a ciki, ta shiga cuɗa iska. Ɗaliban da ke layi suka zuba mata ido. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. Ta ƙirga daƙiƙa ashirin a fili, ta ɗauraye, ta tsane hannu da tawul ɗin da ba ya nan, ta juyo.

"Mama," in ji malamin a hankali, yana nuni da biro, "kin bar ruwa yana zuba."

Ta koma ta rufe famfon da gwiwar hannu, kamar yadda hoto na goma sha ɗaya ya nuna.

Fuskar malamin ta washe. Ya yi atishawa a tafinsa, ya sa hannu a takarda, ya miƙa mata.

"Kin ci. Kin ga amfanin ilimi ke nan. Shekara nawa kika ce kina aiki?"

"Ashirin da biyu."

Ya girgiza kai cike da tausayi. "Allah sarki. Duk shekarun nan ba ki iya wanke hannu ba."

Gwaggo ta karɓi takardar da yatsa biyu, ta gefen da bai taɓa ba.

"Na gode, Malam," ta ce.