Wasan da Zayyad Ya Kai Aji

Tun da muka sauka Guangzhou ta ƙasar Sin ban taɓa jin Alhaji Kallamu ya kira mijina Ghali da sunansa ba. Shi Babarbare ne, mu Fulanin Kano, don haka in sun haɗu a ƙofar ginin kasuwar Tianxiu sai ka ji, "Bawana, ina ka baro shanun?" Ghali ya ce, "Suna gidanku, ai ku ne masu kwashe kashinsu." Su tafa, su tafi su ci shinkafa a faranti ɗaya. Ɗana Zayyad, mai shekara shida, yana tsaye yana haddacewa.

Alhaji Kallamu ne ya kama ɗaki kusa da ofishinsa na aika kaya, ya sa Malama Mukaneza tana koya wa 'ya'yanmu Turanci da lissafi. 'Yar Ruwanda ce, karatu ya kawo ta, ta zauna. Bizarta a ƙarƙashin kamfaninsa take, kuma a shekarar nan ta gasar Olamfik an tsaurara, wanda bai da mai tsaya masa sai jirgi.

Wata Laraba Zayyad ya dawo ya ƙi abinci. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Lokacin hutun tara ya jera yaran aji, Fulani nan, Barebari can. Falmata 'yar Alhaji Kallamu kaɗai ce a layin Barebari, sai ya ce bayi ba sa cin biskit sai iyayen gidansu sun ƙoshi. Yara suka yi ta dariya, ita ta tsaya da hannu a baya. Malama ta shigo ta gani, ta zaunar da su ta ba su wani labari.

"Mama, an taɓa saran Malama a nan," ya ce, ya shafa bayan wuyansa.

Ban jira Ghali ba, na yafa mayafi na fita. Na sami Malama tana goge allo.

"Malama, ɗan shekara shida za ki nuna wa tabon adda? Wasa ne fa! Tsakaninmu da Barebari tun kaka da kakanni. Shi ya sa ma ba ma faɗa."

"Na sani, Maman Zayyad. Ina jin mijinki da Alhaji kullum a ƙasa, har burge ni suke. Amma Alhaji yana ramawa, kuma tare suke ci. Falmata ba ta rama ba, ba ta kuma ci ba."

Ta jawo mini ɗaya daga kujerun yaran. Ta ce tun tana firamare malaminsu kan ce 'yan ƙabilar Tutsi su miƙe, su uku har da ita su tashi, sauran su yi dariya, a ci gaba da darasi. Ba wanda ya ɗauke shi komai. Da kisan ƙare-dangi ya zo a 1994 tana budurwa, ta ɓoye ƙanenta a ramin da suke nunar da ayaba, ta rufe shi da ganye.

"Wanda ya nuna wa masu adda ramin ba mugu ba ne. Abokin wasansa ne, ɗan maƙwabta, tare suke ɓuya a wurin. An tambaye shi ina yaron Tutsin nan, ya faɗa." Ta ninke tsumman allon. "Ina jin yana kirana. Ina kwance cikin gawawwaki, ban amsa ba."

Na ce, "Amma da kin bari sun girma."

"Shi ma ƙanena bai girma ba."

Washegari na kai Zayyad da kaina, da biskit biyu a jakarsa. Falmata ba ta zo ba. Kafin Juma'a rabin kujerun ba kowa, don iyaye sun ji yaransu na firgita cikin barci. Sai muka ji Alhaji Kallamu ba zai sabunta bizar Malama ba. Na roƙi Ghali ya yi wa amininsa magana, ya ce ya yi, bai samu fuska ba. Sai na je da kaina.

"Matar bawana," in ji Alhaji Kallamu, amma bai yi dariya ba.

"Alhaji, laifin ɗana ne, na kuma hore shi. In ka cire hannunka korar ta za a yi. Ba ta da kowa a can, duk an kashe."

Ya ture kwalayen da ke gabansa. "Ummu Salma, shekaranjiya Falmata ta tambaye ni ko wata rana Baba Ghali zai zo da adda. Ghali fa, wanda ya riƙe ni da jinya a garin nan. Wasan da ya haɗa kakanninmu ta mayar wa 'yata abin tsoro. Ina tausayinta, wallahi. Amma ba zan sabunta ba."

Na fahimce shi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da Zayyad ne ya yi mini wannan tambayar, ban san me zan yi ba.

Har ranar ƙarshe tana koyarwa, da yara uku. Na dafa mata dambun nama na hanya, na raka ta tashar mota ta unguwar Xiaobei. Ta tsuguna gaban Zayyad ta gyara masa wuyan riga.

"Kar ki hana shi wasan," ta ce mini. "Ki dai koya masa cewa sai wancan ma yana dariya."

Ranar buɗe gasar Olamfik muna gaban talabijin, ƙasashe na shigowa fili layi-layi, kowace da tutarta. Zayyad yana ta kallo, can ya taɓa gwiwata.

"Mama, su ma raba su aka yi?"

Na ce a'a, gaisuwa suka zo yi. Da aka kira Ruwanda ya matsa har hancinsa na taɓa gilashin, yana duba su ɗaya bayan ɗaya ko zai ga Malama, har suka wuce.