Shekarun Baffa Mukbil

Ranar Litinin da hantsi Hizam ya tsufa, a ofishin ɗaukar ma'aikatan jirgin ruwa da ke unguwar Tawahi a birnin Adan. Ya shiga yana ɗan arba'in da biyar, ya fito yana da sittin da huɗu, alhali ko silin furfura babu a kansa.

Laifin na littafi ne. Duk mai cin abinci a teku a Adan ya san littafin nan: hotonka a ciki, da shekarar haihuwarka, kuma kowane jirgi ka sauka sai kyaftin ya buga hatimi, ya ce aikinka da halinka sun yi ko ba su yi ba. Ba littafi, ba jirgi. Shi kuwa Hizam, da ya gangaro daga ƙauyensu na kan duwatsu yana ɗan sha tara, ko fallen takarda ba shi da shi. Baffansa Mukbil ne mai littafi. Baffa tafiya biyu kacal ya yi, ya sheƙa aman da ya ce ya ishe shi har ƙarshen rayuwa, ya koma gona, ya rantse ko kwale-kwale ba zai ƙara takawa ba. Shi ya miƙa wa ɗan wansa littafin. Wani mai ɗaukar hoto a kasuwa ya ɓamɓare fuskar Baffa ya manna ta Hizam, rupi uku, magana ta ƙare. Ba abin kunya ba ne a lokacin. Rabin 'yan wutar jirgi, wato masu ɗura wa injin kwal, da sunan danginsu suke yawo.

Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗura kwal a wutar injin da sunan Mukbil Sabit. Hatimi hamsin da ɗaya, duk na yabo, ko ɗaya babu mai tabo. Hizam bai iya karatu ba, amma ya san kowane hatimi da kamanninsa, kuma in ya ajiye littafin a gaban mai ɗaukar aiki har wani ɗage kai yake yi.

To, sai aka kawo sabon akawu, mai tabarau da son lissafi. Shi bai tsaya kan hatimi ba, shekarar haihuwa ya duba. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce kamfani ya hana ɗaukar wanda ya haura sittin zuwa ɗakin wuta. Abin da ya fi ƙona wa Hizam rai shi ne ladabin yaron. Har tasowa ya yi ya riƙe masa ƙofa, yana cewa, "Baba, a sauka a hankali, matakalar tana da santsi."

Dama wata bakwai ke nan yana zaune a tudu ba aiki. Damina ba ta yi albarka a ƙauye ba, ga mata da 'ya'ya huɗu sun zuba ido. Jirgin da ke neman 'yan wuta kuwa ranar Alhamis zai tashi.

Kafin ya isa gidan shayi labarin ya riga shi. Ma'aikatan jirgi kuwa ba su san tausayi ba in abin dariya ya samu. Wani ya tashi ya ba shi kujera, wani ya ce a jiƙa wa kaka burodinsa a shayi saboda haƙora, mai shagon ya fito da sandar dukan karnuka ya ce a dogara. Da aka gaji da tsiya aka koma shawara. Masu cewa a kankare shekarar haihuwar da reza suka ce, aka tuna musu akawun ya riga ya gani. Wani ma cewa ya yi Hizam ya rina gemu, aka bar shi, don bai gane inda matsalar take ba. Hizam dai ya yi ta yaƙe. Da sunan Baffa ya tsufa, da sunansa kuma ko jirgi ɗaya bai taɓa hawa ba.

Dirham, sarang ɗin jirgin, wato shugaban 'yan wuta, shi ya ce ya shirya gobe su je wajen babban injiniya. Wani Bature ne da suke kira Mai Gashin Baki, sun taɓa tafiya biyu tare. A cikin kwale-kwalen da ya kai su Hizam ya yanke shawarar zai faɗi gaskiya, ko da za a ƙwace littafin a haɗa shi da 'yan sanda. Dirham ya ce in ya kuskura, shi dai ba zai yi tafinta ba.

Ai kuwa ya kuskura. Suna tsayawa gaban Baturen, Dirham na taka masa ƙafa, ya tattaro ɗan guntun Turancinsa ya fara cewa shi fa ba Mukbil ba ne. Bai kai ƙarshe ba Mai Gashin Baki ya toshe kunnuwa da yatsu, ya ce ƙarar injin ta kurmantar da shi, bai ji komai ba. Sannan ya dubi Dirham, fuskar nan a murtuke, ya ce ya yi baƙin cikin tsufan Mukbil Sabit, don bai taɓa ganin ɗan wuta kamarsa ba.

"Tsohon ba shi da wani ɗan ɗan'uwa mai irin ƙirarsa? In akwai, ni zan tsaya masa."

Sai dai sabon shiga, in ji shi, daga ƙasa yake farawa: tura kwal a baro, da ƙaramin albashi, har a gama tafiyar farko.

Dirham ya yi dariya har da riƙe ciki. Hizam kam abin ya yi masa daɗi, ya kuma yi masa zafi. Aiki ya samu, amma hatimi hamsin da ɗaya, guminsa ne tun yana saurayi, duk sun zama na Baffa, mutumin da ke can gindin bishiya yana taunar ganye.

Laraba da safe ya aske gemu ƙwal, ya ɗauki sabon hoto, suka koma ofis da takardar Baturen. Akawu ya ɗago tabarau ya ce ya yi masa kama da wani. Hizam ya ce baffansa ne. Yaron ya ji daɗi, ya ce a gai da tsoho, bai taɓa ganin mai sittin da huɗu da ƙarfi haka ba. Da ya tambaya ko ya taɓa shiga teku, Dirham ya yi caraf ya ce yakan dai hango shi daga tudu.

"Suna?"

Saura ƙiris "Mukbil" ya suɓuce masa. Ya haɗiye.

"Hizam."

"Sunan uba?"

Hizam ya ɗago ya dubi akawun. Ya zaga duniya, an kira shi a tashoshin jiragen da ba zai iya lissafawa ba, ba inda aka taɓa tambayarsa wannan. Mahaifinsa ya rasu yana can tsakiyar ruwa, bai sami jana'iza ba.

"Abdulwali," ya ce.

Aka miƙo masa littafi sabo fil, shafukan farare tas. A bakin ƙofa Dirham ya fara tsokana, wai sabon shiga shi ke sayen shayi. Hizam bai kula shi ba. Ya buɗe shafin farko ya ce ya nuna masa inda aka sa Abdulwali. Dirham ya ɗora yatsa a wurin. Hizam ya daɗe yana kallon rubutun, idonsa ya ciko, sai kuma ya yi murmushi.

"Babana bai taɓa ganin teku ba, ka sani," ya ce. "Gobe zan kai shi."