Wanki Ba Cirewa Ba Ne

Ranar Talata aka ce mana matata Hasiya na ɗauke da ƙanjamau, ni kuwa jinina lafiya lau.

Ma'aikaciyar asibitin, Salmatu, ta shiga jero tambayoyi. An taɓa yi mata ƙarin jini? Sakiya fa, ko ƙaho? An cire mata haƙori?

"A'a," na amsa tun Hasiya ba ta buɗe baki ba.

Ban yi ƙarya ba. Shekara talatin ina koyar da Hausa a Jibiya, na san bambancin cirewa da wankewa. Wata goma kafin nan, ni na ɗauke ta a babur zuwa wurin wani mai wankin haƙori da ke shimfiɗa tabarma inda manyan motoci ke jiran ƙetarawa Maraɗi. Goro ya rina mata haƙora, na dame ta da gori. Mai wankin, ƙarfe ɗaya gare shi, da kwano ɗaya na ruwan gishiri. Direban da ya tashi ta zauna, jini yake tofarwa. Na gani. Ita ma ta tofar da nata tana dariya.

"To Malam, yanzu na yi maka fari?"

Da muka dawo daga asibiti ta ce, "Malam, ba ka faɗi na bakin iyaka ba."

"Ba shi ta tambaya ba. Ke dai ki tuna inda kika je."

Ta dube ni, ta shiga ɗaki. Na ware mata kofi, ni da na karanta cewa kofi ba ya ɗaukar cutar. Na daina kai ta karɓar magani, wai kada a ga babur ɗina a ƙofar wurin. Da ƙafa ta riƙa zuwa, har ta gaji ta bari. Damina ta biyu muka binne ta.

Bayan sadakar arba'in na koma na tambayi Salmatu ko wankin haƙori na iya kawo ƙanjamau.

"Ba kasafai ba, Malam. Amma ƙarfen da ba a dafa ba, da jinin wani a jiki, yana yiwuwa. Yanzu dai ba mai tabbatarwa." Ta rufe fayil. "Ai Hasiya ta gaya mani tun zuwanta na biyu. Ta ce kada in tayar maka da zancen, kunya za ka ji."

Lokacin da Hasiya ke raye, kullum nakan ce gobe zan faɗa mata. Maganar ba ta da tsawo: Hasiya, na san ba ki je ko'ina ba sai inda na kai ki.