Mai Jan Zobe

Wata goma sha huɗu ke nan ko ɗigon ruwa bai sauka a tsibirin ba. A da aikin Eulalia shi ne ta kama 'yan tsuntsaye da raga, ta auna bakinsu, ta sa musu zobe a ƙafa, ta sake su. Yanzu ba ta buƙatar raga, tsintar gawarsu take yi a ƙasa.

Tsaba mai taushi ta ƙare tuni, sai tsidau ya rage, ga ƙaya ga taurin tsiya. Mai kaurin baki ya fasa ya ci, mai siririn baki ya yini yana juya shi a banza. Bambancin bai wuce kaurin farce ba, amma shi ke raba mai rai da gawa. Abin da masu binciken da suka ɗauke ta aiki ke son gani ke nan, shi ya sa suka kafa doka: ko ƙwaya ɗaya ba a ba tsuntsu.

Akwai wata tsuntsuwa mai jan zobe da ta shekara shida tana sauka a ƙofar tantin Eulalia. Bakinta siriri ne. Eulalia ce ta auna shi, ta kuma san abin da awon ke nufi.

Ranar Talata ƙanenta Fausto ya kawo mata jarkokin ruwa a kwalekwalensa. Ya tsaya yana kallon tsuntsuwar tana fama da tsidau.

"Yaya, wannan 'yar taki ai ta koma ƙashi da gashi. Watsa mata shinkafa mana! Wa zai kai ƙararki, ƙadangare?"

"Doka ce, Fausto."

"Su masu dokar suna can suna karya kumallo da ƙwai."

Da ya tafi ta ɗebo ragowar shinkafarta ta zuba a kan wani faffaɗan dutse. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ba ta taɓa yi ba. Ta zaci za ta ji tsoro ko sanyi a ranta. Ba ta ji komai ba.

Mai jan zoben ta matso ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Sai ga masu kaurin bakin sun diro, su takwas ko tara, waɗanda dama ba su kwana da yunwa ba. Ɗaya ya sare ta a wuya, ta koma gefe tana layi. Eulalia ta kore su, korar ta haɗa har da ƙaramar, manyan kuma suka riga ta dawowa. Kafin ka ce kwabo dutsen ya yi fes.

Washegari ta sami gawar mai jan zoben a bayan tanti, jini ya bushe a wuyanta. Ta cire zoben, ta auna bakin kamar yadda aka saba, ta buɗe littafin aikinta. A layin sanadin mutuwa ta riga ta rubuta "yunwa" fiye da sau ɗari uku a bana. Ta daɗe tana kallon wuyan. Sannan ta sake rubuta "yunwa".