Ruwan da Ba a Cewa Ya Yi Zafi

Naoyuki bai taɓa ɓoye wa kansa ba cewa tsofaffin da ke kula da gidan wankan unguwarsu sun fi ba shi tsoro a kan duk wata jarrabawa da ya taɓa zaunawa. Ya dawo daga birni da diflomar kula da masaukin baƙi, ya tarar rabin ɗakunan masaukin Gwaggonsa Fusae a rufe, ya shawo kanta da ƙyar su fara karɓar baƙi daga ƙasashen waje. Sai dai masaukin ba shi da wurin wanka na kansa. Duk wanda ya sauka a can, gidan wankan unguwa yake zuwa, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa da zafinsa daga ƙarƙashin dutse. Tsofaffin ne ke wanke kwamin da ake shiga wanka a ciki, su ne kuma ke da ta cewa a kan wanda zai shiga. Shugabansu, Baba Ginzo, ya amince bisa sharaɗi: a gwada da baƙo guda, in aka ga abin da bai dace ba, a rufe ƙofa.

Saboda haka kowace Asabar Naoyuki yakan hau jirgin ƙasa zuwa ajin Turanci na Malama Hoshino. Ana saura mako guda baƙon ya iso, ya dawo gida yana haki, ya faɗa kicin ko jakarsa bai ajiye ba.

"Gwaggo, ashe Turawa ma suna da kunya a harshensu."

"Cire takalmanka tukuna," in ji ta, tana juya miso, miyarsu ta waken suya.

Ya cire, ya ci gaba. Da ya ɗauka Turanci ba ya da tsakiya, ko abu ya zama, ko bai zama ba. Ashe akwai kalmomi jere kamar matakan tsani. "Slightly" ce a ƙasa, sai "a little", sai "fairly", sai "rather", can sama kuma "very". Ke nan mutum zai iya sassauta maganarsa kamar yadda aka rene shi, ba sai ya riƙa jefa wa mutane zance gatsau ba.

Gwaggo ta miƙo masa cokali. "To, miyar nan wane mataki ta taka?"

Ya ɗanɗana, ya yi nazari. "Fairly."

"Wato me?"

"Wato ta yi daɗi daidai gwargwado."

"Daidai gwargwado. Ba ni cokalina."

Duk makon nan babu abin da ya tsira daga tsanin. Ya auna ƙibar kyanwa, ya auna sanyin safiya, ya auna tsamin kabejin da Gwaggo ta jiƙa. Yana share ɗaki yana maimaita kalmomin, zuciyarsa fes.

Baƙon ya iso ranar Juma'a da rana. Sunansa Fergus, dogo ne mai jan gemu daga Sikotland, wanda ya fara gaisawa da saman ƙofa da goshinsa kafin ya gaisa da masu gida. Naoyuki ya yi masa maraba, baƙon ya fahimta. Ya nuna masa ɗaki, baƙon ya fahimta. Murna ta kama Naoyuki har sai da ya koma bayan labule ya dunƙule hannu shi kaɗai.

Da la'asar ya raka shi gidan wanka, takalman katakonsu suna ƙwas-ƙwas a kan dutsen hanya. Ya yi masa bayani dalla-dalla: a wanke jiki sarai kafin a shiga, kada tawul ya taɓa ruwa, kada a yi iyo. A bakin ƙofa Fergus ya dubi tururin da ke fita ta taga, ya tambaya ko ruwan da zafi.

Nan Naoyuki ya tsaya. A garin nan ba a cewa ruwan ya yi zafi. Wanda ya faɗa, ko dai yana alfahari da kayan garinsu, ko yana tona ragwancinsa, kuma dukansu abin kunya ne. Tun yana ƙarami, mahaifinsa kan tsoma shi ciki ya ce, "Yau ya ɗan yi ɗumi." Ya hau tsanin a zuciyarsa, ya sauko, ya zaɓi matakin da ɗan mutunci zai tsaya.

"A little," in ji shi, yana murmushi.

Fergus ya shiga, Naoyuki ya tsaya waje yana jera takalma. Can sai ihu ya tashi daga ciki, har hankakin da ke kan rufin suka watse.

Da ya faɗa ciki, ya tarar da Fergus a gefen kwami, jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa ja kamar dafaffen jatan lande. Baƙon ya buɗe famfon ruwan sanyi har ƙarshe, ruwan yana kwarara cikin kwamin. Famfon ne Naoyuki ya manta bai ambata ba, domin bai taɓa ganin hannun kowa a kansa ba. Tsofaffi suna zaune cikin ruwa har wuya, tawul a ninke bisa kawunansu, ba wanda ya motsa. Baba Ginzo ya miƙa hannu a hankali ya rufe famfon.

"Mai difloma, matso. Me ka gaya masa?"

"Na ce ya ɗan yi zafi, Baba."

"To ai yaron bai yi ƙarya ba," in ji Baba Tokuji, tsohon direban bas, daga kusurwa. "Yau ma a huce yake. Yanzu kam sai a kawo jarirai."

Baba Ginzo bai yi dariya ba. "Tun zamanin kakanninmu ba a surka ruwan nan sai an tambayi na ciki. Ka je ka gaya wa Fusae cewa…"

Fergus ya katse shi. Ya rusuna har gemunsa ya kusa taɓa gwiwa, yana ta zuba magana, yana nuna ruwan, yana nuna tsofaffin.

"Zaginmu yake yi?" in ji Baba Ginzo.

"Haƙuri yake bayarwa, Baba." Naoyuki ya ci gaba da fassara. "Ya ce ya yi wanka a maɓuɓɓugai a ƙasashe da yawa, bai taɓa gamuwa da irin wannan ba. Yana tambaya ko da ƙarfe aka ƙera ku."

Baba Ginzo ya gyara tawul ɗin kansa.

"A tsanin nan naka da Fusae ta ce ka hana ta sakat da shi, wane mataki ya ɗora mu?"

"Ya wuce tsanin gaba ɗaya, Baba."

"Sake tambayarsa," in ji Baba Tokuji. "Kunnena na dama bai ji sosai ba."

Aka sake tambaya, Fergus ya sake faɗa, har da ƙari. Kafin Naoyuki ya ankara, tsofaffin sun fito sun kewaye baƙon. Wannan yana nuna masa yadda ake kwara ruwa a ka da bokitin katako, wancan yana nuna masa yadda ake shiga sannu a hankali, a zauna kada a motsa. Fergus ya shiga har ƙirji, haƙoransa a datse, Baba Tokuji yana ce masa, "Haka, Jan Gemu, kada ka ba mu kunya." Da ya fito aka danƙa masa kwalbar madara mai sanyi.

A wurin sa tufafi Baba Ginzo ya tare Naoyuki.

"Laifin ba nasa ba ne. Kai ka auna masa ruwa da fatarmu. Mu dai ba za mu buɗe baki mu ce ruwanmu ya yi zafi ba, ba a yi mu da haka ba. Ƙofa tana nan a buɗe, amma in ba wanda zai riƙa gaya musu, gobe wani zai sake kama famfon nan, daga nan kuma shi ke nan."

Naoyuki ya fuskanci Baba Ginzo. Ya haɗa ƙafafunsa, ya rusuna, ya ɗaga murya yadda na cikin ruwa ma za su ji.

"Ni zan riƙa gaya musu, Baba. Daga yau duk baƙon da ya tambaye ni, 'very' zan ce masa tun daga bakin ƙofa. Kuma ba zan ƙara tsayawa wajen takalma ba. Tare za mu shiga, ni ne zan zauna kusa da famfo."