Muryar da Ba Ta da Kunya

Illa ne ya sace mini murya, kuma a gaban jama'a zan faɗa masa.

Ranar Asabar ce za mu zaɓi shugabar ƙungiyar mata masu noman rani ta Matameye. Ni, Shekara, na tsaya takara, Nafisatu ƙanwar Illa ta tsaya. Illa kuwa shi ne sakatarenmu. Ina isa wurin taro na ga mata suna kauda kai.

Mariama, maƙwabciyata a lambu, ta tare ni. "Yaya, ashe kin janye ba ki gaya mana ba?"

"Wa ya janye?"

Ta kunna waya. Wallahi muryata ce, har da ɗan tarin nan nawa. Wai na gaji, wai ɗana na fari ya ce in bar wa Nafisatu. Shekara goma sha ɗaya ina bin rabon ruwa da iri, ga shi bakina ya kore ni ban buɗe shi ba.

Sai Hajiya Saratu, wadda ta girme mu duka, ta ce a sake kunnawa. Ta saurara, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Kun ji ta kira sunan ɗan farinta? Shekara arba'in ina tare da matar nan. Ko ranar da aka kwantar da shi asibitin Zinder, da likita ya tambayi sunansa, ni ta zungura na faɗa."

Mata suka soma gyaɗa kai. Malama Zuhra ta makaranta ta ce akwai na'ura a waya, in an ba ta muryar mutum sai ta koya, ta faɗi duk abin da aka rubuta mata.

"To ta koyi murya, ba ta koyi kunya ba," in ji Hajiya.

Aka yi layin zaɓe, kowace bayan wadda take so. Na juya na ga nawa ya kai har gindin rijiya. Ni aka zaɓa.

Amma ban gama ba. Illa ne ya ɗauki maganata a taron watan jiya, wai don ajiya, kuma daga wayarsa saƙon ya fara fita. Gobe da safe ina gaban mai unguwa. Dole Illa ya zo da wayar, ya gaya mana wa ya sa shi.