Gashin Ciki

Ranar sunan Afnan, da aka cire mata hula za a yi aski, falon Hanifa ya yi tsit. Gashin jaririyar ja ne wur, kamar an tsoma kan a manja. Hajiya Bebi, wadda duk 'yan Arewan da ke garin Greensboro na Amurka ke ɗauka uwa, ta yi maza ta ce, "Gashin ciki ne, jama'a. A aske, baƙi zai fito." Aka aske, aka ci waina, aka watse.

Gashi ya sake tsirowa, ja, har ya fi na farko.

To, mutanenmu dai kun san halinsu. Ba wanda ya ce wa Hanifa uffan, ƙafa kawai aka ɗauke. Matan da ke cika mata gida da surutu suka koma gaisuwar waya, daga baya wayar ma ta yi shiru. Abin ya ƙarasa lalacewa a wani kanti da ke Wendover, inda mai karɓar kuɗi, wata Baturiya mai jan gashi, ta leƙa keken jaririyar ta ce cikin wasa, "Wayyo, ai wannan tamu ce!" Baiwar Allah, yabo take yi. Amma akwai wata 'yar gida a bayan layi, kuma kafin la'asar maganar ta isa Glenwood, unguwar mutanenmu, da ƙarin gishiri.

Ɗantala, mijin Hanifa, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai ya dawo daga sito inda yake lodin kaya, ya ci abinci, ya wuce gadon yarinyar ko kallo babu. Idan ta farka ya ce, "'Yarki tana kuka." 'Yarki! Kalmar nan ta fi mari zafi. Hanifa ta yini ita kaɗai tana kallon motoci ta taga, tana tsoron yarinya za ta tashi da uba a gida amma marainiya.

Ita kuwa ta san inda jan ya fito. Daga kanta ya fito. A Gusau, tana ƙarama, yara na binta suna "mai tamowa," manya na raɗa wai 'yar ruwa ce, har mai kitson unguwa ta ƙi taɓa kanta. Kakarta ce ta gaji da kukanta ta fara shafa mata baƙin rini, ta kuma gargaɗe ta kada namiji ya taɓa sani. Haka ta girma, haka ta yi aure, tana rini a ɓoye, tana yi wa kanta kitso, tana bin gira da kwalli. Ko Ɗantala bai taɓa ganin ainihin kan matarsa ba.

Da baki ba zai yarda ba, ta sani. Sai ta zubar da rinin a shara, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta jira. Makonni suka shuɗe, ba mai shigowa balle ya tambaye ta me take jira.

Wata Lahadi da hantsi yana zaune yana danna waya, ta zo ta durƙusa gabansa.

"Baban Afnan, dubi nan."

"Wace Afnan?" ya ce, bai ɗago ba.

Ta zame ɗankwalin, ta sunkuyar da kai, ta buɗa gashin da yatsu. Sama baƙi ne, amma tushen duk ja, irin na yarinyar sak.

Ya daɗe yana kallo. Ya kai hannu ya murza, ya duba yatsunsa ko lalle ne. Sai ya yi salati, ya miƙe, har yana tuntuɓe da kujera, ya sunkuci Afnan daga gado ya rungume. Wallahi kuka ya yi, ƙaton mutum. "Ki yafe mini, Mamana," yake ta faɗi, "ki yafe wa babanki."

Hanifa ta tashi ta matso kusa da su, tana dariya tana hawaye, ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

Ya ɗan janye kafaɗar.

"Ita ba ruwanta, haka Allah ya yi ta," ya ce a hankali, idonsa na kan yarinyar. "Amma ke, Hanifa, da kin faɗa tun farko. A gidanmu ba a auro jan kai. Ki rufe, don Allah, kada wani ya shigo."

Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ɗankwali a hannu. Tana jin sa a falo yana yi wa 'yarsa wasa, yana kiran Hajiya Bebi a waya ya yi mata albishir cewa yarinya tasa ce. Hajiya ta tambayi yadda aka yi ya gane. Ya ce ai kawai kama ce ta fito.